Waiwaye: Muhawarar Taimaka wa Majiyyaci Ya Mutu

Tun zamanin Girkawa, rantsuwar likitoci ta Hippocrates ta hana likita bai wa kowa magani mai kisa, ko da shi ya roƙa. Addinai ma a nan suka tsaya: rai amana ne, wanda ya bayar shi ke karɓa. A 1935 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai neman a halatta wa wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ya nemi a kawo ƙarshen wahalarsa, amma majalisar dattawan ƙasar ta yi watsi da ƙudurin a 1936. Daga baya 'yan Nazi na Jamus suka hallaka nakasassu da masu taɓin hankali kimanin 70,000 a 1940 da 1941, wai da sunan jinƙai. Aka daɗe ba mai son ɗaga maganar.

Na'urorin asibiti ne suka farfaɗo da ita. A 1975 wata budurwa a Amurka, Karen Ann Quinlan, ta yi doguwar suma, inji ke taimaka mata numfashi. Iyayenta suka roƙi a cire shi, likitoci suka ƙi, sai da kotun ƙolin jihar New Jersey ta amince a 1976. Da aka cire, sai ga shi ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta cika ba sai 1985. Shari'ar ta sa jama'a suka fara rarrabe abu biyu: daina maganin da ba ya amfani, da bai wa mutum abin da zai kashe shi. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire injin idan ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya. Bai wa mutum abin da zai kashe shi kuwa, Musulunci da Cocin Katolika har gobe haramun suke ɗaukarsa.

Wasu ƙasashen sun tsallake wannan iyaka. Dokar jihar Oregon ta Amurka ta fara aiki a 1997: likita ya rubuta maganin, majiyyacin da ake ganin ba zai wuce wata shida a raye ba ya sha da hannunsa. Holan da Beljiyam suka yarda likita ya yi allurar mutuwa a 2002. Beljiyam ta cire sharaɗin shekaru a 2014. Kanada ta fara a 2016, a 2021 kuma ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba su kan gargara. A 2023 mutum sama da 15,000 suka mutu ta wannan hanya a can.

Masu goyon baya suna cewa wanda bai kwana a gefen gadon mai ciwon daji yana nishi ba, kada ya yanke masa hukunci. Magana ce mai nauyi. Abin da ya fi damuna shi ne tsohon da zai nemi mutuwa don kada ya zame wa 'ya'yansa kaya, ko nakasasshen da aka gaza samar wa mai jinya. Tun 1967 wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan, ta nuna ana iya kwantar da raɗaɗi idan aka ba da maganin a kan lokaci. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 14 cikin 100 kacal na masu buƙatar irin wannan kulawa ke samunta.