Dashen tumatir ya yi tsololo: ina matsalar, kuma yaya ake gyarawa?

Masu renon irin tumatir a gida, cikin roba ko ƙananan tukwane, sukan ga tsiron ya zuƙe sama cikin 'yan kwanaki: kara siriri fari-fari, ganye biyu can a ƙoli, yana rangaji ko iska ba ta taɓa shi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Me ke sa tsiron ya yi tsawo ba kauri?

Ƙarancin haske ne kan gaba, da nisa. Idan hasken bai ishe shi ba, tsiron yakan zuba duk ƙarfinsa wajen miƙa kara don ya kai inda rana take. Ido yana yaudarar mutum a nan, domin ɗakin da muke gani wasai, a wurin tumatir inuwa ce. Shi ya sa na bakin taga duk suke karkata gefe guda.

Zafi yana ƙara ta'azzara abin. Iri yana son ɗumi kafin ya tsiro, wajen digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyas, kuma yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10. Amma da zarar ya fito, zafi ba haske sai dai ya ja shi sama. Sai cunkoso: idan an yayyafa iri da yawa wuri ɗaya, kowane tsiro yana yi wa ɗan'uwansa inuwa, su yi ta rige-rigen tsawo.

Ba alamar saurin girma ba ce?

A'a. Dashe mai lafiya gajere ne, kakkaura, ganyensa kore shar, kuma tazarar ganye da ganye kaɗan ce.

To, a zubar a sake shuka wani?

Ba sai an zubar ba, kuma a nan ne tumatir ya fi yawancin kayan lambu sauƙin sha'ani. Karansa yana fitar da saiwa a duk inda ƙasa mai danshi ta rufe shi. Duba gindin babban tumatir da kyau, za ka ga wasu ƙananan ƙuraje a jikin karan. Mafarin saiwa ne, ƙasa kawai suke jira.

Idan tsiron ya fitar da ganyensa na ainihi, wato waɗanda ke biyo bayan biyun farko, sai ka sauya masa tukunya mai zurfi. Ka ɗago shi da ƙasarsa da ƙaramin cokali, ka riƙe shi ta ganye, kada ta kara. Ganye in ya yage wani zai fito, kara kuwa in ya murje an yi asara. Ka binne karan har zuwa ƙasan ganyen farko, ka danna ƙasar a hankali, ka ba shi ruwa.

Ranar dasawa a lambu ma haka: a cire ganyen ƙasa, a binne kusan kashi biyu cikin uku na karan. Wanda tsawonsa ya yi yawa, a haƙa masa rami a kwance, a kwantar da shi, a bar kan a waje. Cikin 'yan kwanaki zai miƙe da kansa. Banda tumatir ɗin da aka yi wa aure, wato aka haɗa karansa da gindin wani, shi dole mahaɗar ta zauna a saman ƙasa.

Haske nawa yake buƙata?

A waje, rana ta awa 6 zuwa 8. A ɗaki da fitilar LED, awa 14 zuwa 16, kuma fitilar ta sauko kusa, kamar santimita 5 zuwa 10 daga kan tsiron idan ba mai zafi ba ce, ana ɗaga ta yana girma. Ƙwan da ke rataye a rufin ɗaki bai tsinana masa komai. Juya tukunya kullum yana hana karkata, amma ba ya ƙara haske.

Sai dai kada a ɗauko tsiron da ya saba da ɗaki a ajiye shi a tsakiyar rana lokaci guda, ganyen zai ƙone. A fara da awa ɗaya ko biyu a inuwa mai haske, a riƙa ƙarawa har kwana 7 zuwa 10.

Gaskiya ne shafa kansu yana sa su kauri?

Gaskiya ne. Tsiron da ake kaɗawa yakan rage tsawo ya ƙara ƙwari. A riƙa wucewa da tafin hannu a kansu a hankali kullum, ko a kunna musu fanka ƙasa-ƙasa. Taimako ne kawai, a ganina bai kai rabin amfanin matsar da su wurin haske ba.

In ƙara masa taki ya yi ƙarfi?

Kada ka yi. Taki mai yawan naitirojin, irin su yuriya, tsawo da laushi zai ƙara masa. A jira ganyen ainihi su fito, sannan a ba shi kaɗan, a tsarma da ruwa. Ban ruwan ma sai saman ƙasar ya ɗan sha iska.

Tsirona ya ƙanƙance daga gindi ya faɗi, shi ma binnewa za a yi?

Wannan cuta ce dabam, ruɓar gindi, wadda ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa ke kawowa idan laima ta yi yawa kuma iska ba ta ratsawa. Za ka ga daidai inda karan ya haɗu da ƙasa ya yi duhu ya tsuke. Wanda ya kamu ba ya tashi. A cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi, a rage ruwa, a raba sauran nesa da juna, kuma kada a sake shuka iri a wannan ƙasar.