Waken Soya a Rairayin Gaɓar Teku: Ina Amfanin Bakteriya?

Me ya haɗa waken soya da bakteriya?

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da tsiro ke buƙata don girma, amma ba ya iya cinsa kai tsaye. Bakteriyar Bradyrhizobium ce ke shiga saiwar waken, ta yi ƴan ƙululai, ta mayar da naitirojin ɗin abinci, shi kuma waken ya ba ta sukari. A Barazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman soya, da dabarar shafa wa iri garin wannan bakteriyar manoma suka dogara maimakon takin yuriya.

To me ya sa ake jin tsoron rairayi?

Domin ba ya riƙe komai. Ka zuba yuriya, ruwan sama ɗaya ya wanke ta. A gaɓar kudancin Yogyakarta da ke Indunusiya, inda ake noma a kan yashi zalla, ga zafin rana, ga iskar teku mai ɗauke da gishiri. Bakteriya kuwa abu ne mai rai. Yashi in ya gasu ya bushe, mutuwa take yi tun kafin saiwa ta fito, gishiri kuma yana hana ƙululan fitowa. A ganina nan ne aikin yake: sayen garin bakteriyar ba wuya, raya ta ne wuya. Sai an cuɗa takin dabbobi da ƴar laka, a rufe ƙasa da ciyawa, a riƙa ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Yaya ake shafa wa iri?

A inuwa. A ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro ko na sukari, a barbaɗa garin, a juya, a shuka a ranar. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana yin irin wannan gari mai suna NoduMax, wanda masu gonakin jigawa za su amfana da shi.

Ke nan an huta da taki?

A'a. Ƙululan suna buƙatar fosfaros, don haka takin sufa ba makawa. Yuriya ce dai in ta yi yawa take hana su aiki.

Ta yaya zan gane bakteriyar ta kama?

Lokacin fure ka tono tushe ɗaya a hankali, ka tsaga ƙululun. In cikinsa ja-ja ne, tana aiki. In fari ne ko kore, babu naitirojin da ke shiga, sai ka duba danshi da fosfaros.