Gurɓatar Sauti a Mahaɗa da Saita Bayas na Amfilifaya

Gurɓatar sauti a mahaɗa wata tangarda ce da ke faruwa a sashen ƙarshe na amfilifaya, wanda ke tura wuta zuwa lasifika. Galibi transistoci biyu ne ke aiki a can, ɗaya nau'in NPN, ɗaya kishiyarta nau'in PNP, irin su 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba. Ɗaya na ɗaukar rabin igiyar sauti na sama, ɗaya na ƙasa, suna karɓeɓeniya kamar masu lugude. Wurin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki shi ne mahaɗar.

Transistar silikon ba ta buɗewa sai an samu kimanin bolt 0.6 tsakanin biyu daga cikin ƙafafunta uku, wato bes da emita. Don haka a tsarin aji B, wanda ba a barin wuta tana gudana a transistocin sai da sigina, idan sigina ta zo kusa da sifili, duka biyun sukan kasance a rufe, a sami giɓi na kusan bolt 1.2. Kunne yana jin wannan a matsayin ƙarti-ƙarti, kuma ya fi bayyana idan an rage ƙara, domin a lokacin giɓin ya cinye babban kaso na siginar.

Maganinsa shi ne tsarin aji AB: a bar 'yar wuta tana gudana a transistocin ko babu sauti. Wannan shi ne bayas. Ana samar da shi da diyod biyu (diyod na barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai), ko da ƙaramar transista mai rizistar murɗawa (rizista ita ce mai rage gudun wuta).

Sai dai zafi na da ta cewa. Duk digiri ɗaya na Salshiyas da zafin transista ya ƙaru, boltin da take buƙata yana raguwa da kusan milibolt 2. Idan bayas bai ragu ba, sai wuta ta ƙaru, zafi ya ƙaru, har transistar ta ƙone. Shi ya sa ake ɗaure transistar bayas a jikin ƙarfen sanyaya, a kuma sa wa kowace emita rizista kamar om 0.22.

A kan wannan rizistar ake aunawa, ba lasifika a jone, ba sigina. Milibolt 10 a kan om 0.22 na nufin kimanin miliamfiya 45. Adadin da ya dace kuwa yana cikin takardar kamfanin da ya ƙera na'urar. A Jos, mai sanyi saboda tsayinta na kusan mita 1,200 daga saman teku, masu gyaran amfilifayar masallatai da na biki suna da ƙarin dalilin haƙuri: abin da mitar awon wuta ta nuna da sanyin safiyar hunturu ba shi za ta nuna ba bayan na'urar ta ɗumama. Gara a bar na'urar a kunne na ɗan lokaci, a sake aunawa kafin a rufe murfi.