Dokar hana ƴan sanda rufe fuska

Dokar hana ƴan sanda rufe fuska doka ce da ke tilasta ma jami'in tsaro ya bar fuskarshi a buɗe in yana bakin aiki, ba kagul (hular da ke rufe kai da fuska, sai ido kawai), ba takunkumi, ba naɗe fuska da ƙyalle har a kasa gane shi. Maganar ta ɗau zafi ne a Amurka a 2025, lokacin da jami'an shige da fice na ICE suka yi ta kamun baƙi a Los Anjeles tun watan Yuni, fuska rufe, wasu da kayan gida, motocin ma ba tambarin hukuma, mutum yana kallo a ɗauke ɗan'uwanshi bai san ko gwamnati ce ko ɓarayin mutane ba.

Jihar Kaliforniya, inda Los Anjeles take, ita ce ta fara yin dokar, mai lamba SB 627, sanata Scott Wiener ya kawo ta, gwamna Gavin Newsom ya sa hannu ran 20 ga Satumba 2025. Ba ta hana komai da komai ba fa, an bar jami'an sirri da rundunar ƴan sanda ta musamman da ake kira SWAT, an bar takunkumin asibiti da na kare hayaƙin gobarar daji.

Gwamnatin tarayya ta ce sam ba ta yarda ba, hujjarta ita ce ana ɗaukar hoton jami'ai a watsa a intanet da sunansu da unguwarsu, daga nan barazana ta kai kan mata da yara, kuma jiha ba ta da hurumin kafa ma ma'aikacin tarayya sharaɗi. A Nuwamba 2025 ta kai Kaliforniya kotu. Tsoron nan gaskiya ne, duk wanda ke da ɗa jandarma ko soja a fagen daga ya san shi.

Sai dai ɗaya ɓangaren ya fi nauyi. Mu nan Damagaram rufe fuska ba baƙon abu ba ne, hunturu na tasowa kowa ya ja amawali, Buzaye kuwa al'adarsu ce tun kaka da kakanni, amma mai rawani a kasuwar Dole ba shi da ikon sa ma ka ankwa ya jefa ka mota. Wanda aka ba wannan iko, in ya yi zalunci, wa za ka ce ya yi in ka je komisariya kai ƙara? Ga kuma ƴan damfara da ke sayen kaki su rufe fuska su ce su hukuma ne.

Faransa ta bi wata hanya, rundunoni na musamman irin su RAID ta ƴan sanda da GIGN ta jandarma suna sa kagul ɗinsu, amma tun 2014 dole ɗan sanda ko jandarma ya maƙala lamba mai alƙaluma 7 a kakinshi, ana ce mata RIO. Da aka ga da yawa suna ɓoye ta, a Oktoba 2023 babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta umarci ma'aikatar cikin gida ta tabbatar ana sa ta, kuma a ƙara mata girma yadda ido zai iya karanta ta.