Ruwan gora a firiza ba ya zama guba

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana yawo a waya, wai in ka saka ruwan gora a firiza ya daskare, robar tana sakin wata guba dayoksin mai kawo kansa da hana haihuwa. Masu turawa da kyakkyawar niyya suke yi, amma ba haka abin yake ba.

Sanyi rage fitar sinadarai yake, ba ƙarawa ba. Ita dayoksin ɗin ma ba a jikin gorar take ba, ƙonawa ke haifar da ita, irin bolar unguwa da ake cinna wa wuta da yamma, robobi da tsoffin wayoyin lantarki duk a ciki, kowa na shaƙar hayaƙin.

Zafi ne abin lura. Akwai sinadarai irin su BPA da ke kwaikwayon homon ɗin mata a jiki (wato sinadarin da jiki ke samarwa don daidaita al'ada da haihuwa), kuma zafi da maiƙo su ke ƙara jawo sinadaran roba cikin abinci, shi ya sa ni koko mai tururi a leda ko miyar da aka sauke yanzu aka juye a tsohuwar roba sun fi damuna, gara kwanon tangaran ko na ƙarfe.

Duba da kanka, juya ƙasan robar za ka ga lamba cikin alama mai kusurwa uku. Gorar ruwa yawanci 1 ce, ba a yin ta da BPA. Wasu masu 7 ne ke da shi, 3 kuma kar a zuba mata abu mai zafi.

Don Allah a tura wa 'yan uwa su ma su gani.