Kula da gungun Kubernetes a dandalin gajimare

Kula da gungun kwantena shi ne aikin da ke biyo bayan kafa gungun, kuma ba ya ƙarewa muddin manhajojin da ke kansa suna aiki. Ya haɗa da sabunta gungun, ƙara masa kwamfutoci ko rage su, toshe kafofin da masu kutse za su iya bi, da ajiye kwafin bayanansa. Kwantena ƙunshi ne mai ɗauke da manhaja tare da duk abin da take buƙata domin ta yi aiki iri ɗaya a kowace na'ura, gungu kuwa tarin kwamfutoci ne da aka haɗa domin su raba nauyin ɗaruruwa ko dubban kwantenoni a tsakaninsu.

Docker, manhajar haɗa kwantenoni da tafiyar da su, shi ne ya yaɗa amfani da kwantena tun daga 2013. A 2014 kamfanin Google ya fito da Kubernetes, manhajar da ke tsara yadda kwantenoni ke aiki a kan gungu, bisa gogewar da ya samu daga tsarinsa na cikin gida mai suna Borg, sannan a watan Yulin 2015, lokacin da siga ta 1.0 ta fito, ya miƙa shi ga CNCF, gidauniyar da ke kula da irin waɗannan manhajoji. A shekarar ce Google ya buɗe wa kowa GKE, dandalinsa na gajimare, wato inda ake hayar gungun Kubernetes ta intanet, kafin Amazon da Microsoft su biyo baya da nasu, EKS da AKS, a 2018.

Tushen aikin shi ne mai kula ba ya bai wa kowace kwamfuta umarni ɗaya bayan ɗaya. Yakan rubuta yanayin da yake so a samu, misali kwafi uku na wata manhaja, a ajiye wannan bayani a rumbun bayanan gungun mai suna etcd, sai sashen sarrafawa, wato ɓangaren da ke jagorantar gungun, ya riƙa gwada abin da ke ƙasa da abin da aka rubuta, yana gyara duk saɓanin da ya gani. Idan kwamfuta ɗaya ta mutu, za a tayar da kwantenonin da ke kanta a wata. Ma'aikatu da yawa suna ajiye waɗannan rubuce-rubuce a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, su bar manhajoji irin su Argo CD ko Flux su aiwatar da su, ta yadda za a san wanda ya yi kowane canji da lokacin da ya yi shi.

Sabuntawa ita ce mafi nauyi a cikin ayyukan, kuma a nan ne ake gane gungun da ake kula da shi da wanda aka yi wa sakaci. Tun daga 2021 Kubernetes na fitar da sababbin sigogi sau uku a shekara, kowace siga kuma tana samun gyare-gyaren tsaro na kimanin wata 14 kawai. Ba a tsallake siga wajen sabunta sashen sarrafawa, don haka wanda ya yi shekara biyu bai taɓa gungunsa ba sai ya bi matakan daki-daki. Ana fara sabunta sashen sarrafawa, sannan a bi kwamfutocin aiki, wato masu ɗauke da kwantenonin: a hana kowace karɓar sabon aiki, a kwashe kwantenonin da ke kanta zuwa sauran, a sabunta ta ko a maye gurbinta da sabuwa. Haɗarin da ya fi yawa yana cikin abubuwan da ake cirewa. Siga ta 1.24 ta cire dockershim, mahaɗin Kubernetes da Docker, a 2022, ta 1.25 kuma ta cire PodSecurityPolicy, tsarin gindaya wa kwantenoni ƙa'idojin tsaro, a shekarar, kuma duk wanda tsarinsa ya dogara da su bai shirya ba ya gamu da cikas.

Dandalin gajimare yana ɗauke wa mai gungu kula da sashen sarrafawa da rumbun etcd, yana kuma iya ƙara kwamfutoci da kansa idan aiki ya yi yawa, ya rage su idan ya lafa domin kuɗin haya ya sauka. GKE Autopilot, wanda ya fito a 2021, ya ƙara da ɗaukar nauyin kwamfutocin aikin su ma. Sai dai kuskure ne babba a ɗauka cewa dandalin ya ɗauke komai. Tantance wanda ke da izinin shiga, ajiye kwafin bayanan manhajoji, da gwada su a kan sabuwar siga duk suna wuyan mai gungun, kuma idan wa'adin tsohuwar siga ya cika, dandamali irin su GKE da EKS sukan sabunta sashen sarrafawa da kansu ko manhajojin sun shirya ko ba su shirya ba.