Roka: Yadda Take Tashi da Yadda Take Shiga Falaki

Roka, wadda a Larabci ake ce wa saruk, na'ura ce da ke tafiya ta hanyar feso hayaƙi mai zafi ta bayanta da matuƙar gudu. Hayaƙin ya yi baya, jikin rokar ya yi gaba, bisa doka ta uku ta masanin kimiyya Newton. Ba iska take tunkuɗa ba, shi ya sa take aiki a inda babu iska. Da oksijin ɗinta take tafiya, sau da yawa an sanyaya shi ƙasa da digiri 183 a ƙarƙashin sifili har ya koma ruwa, ana ƙona shi tare da tataccen kananzir ko haidurojin.

Hawa sama ba shi ne aikin ba, gudu ta gefe shi ne. A tsayin kilomita 400, inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take, sai abu ya kai kusan kilomita 28,000 a awa kafin ya zauna a falaki, wato ya riƙa zagaya duniya. A wannan gudu yana faɗowa ne kullum, amma doron ƙasa na lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, ba ya taɓa isowa. Wannan tashar ce Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni na Saudiyya suka je a Mayun 2023 da rokar Falcon 9.

Wahalar tana wurin nauyi, domin mai ma sai an ƙona mai kafin a ɗaga shi. Lissafin masanin Rasha Tsiolkovsky na 1903 ya nuna cewa in hayaƙi na fita da kilomita 3 a daƙiƙa, duk ƙarin gudun kilomita 3 a daƙiƙa sai an ninka nauyin farawa kusan sau 2.7. Shi ya sa mai ke cin kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka, kuma ake gina ta hawa-hawa: tankin da ya ƙare a yar da shi.

Ƙaramin abu kan kashe ta. A 1986 sanyin safiya ya sandarar da zoben roba a mahaɗar rokar kumbon Amurka mai suna Challenger, wuta ta ɓullo, kumbon ya tarwatse bayan daƙiƙa 73 da mutum bakwai a ciki.

A tsayin kilomita 35,786 bisa layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu, tauraron ɗan'adam na zagaye ɗaya a kwana ɗaya, daidai da juyawar ƙasa. Dalili ke nan mai ɗaura dish a Jidda ko Mai Wurno ta Sudan yake saita shi ga tauraron Arabsat sau ɗaya, ya ƙulle noti ya sauko.